Kare na farko a duniya, wane yare aka yi masa?

Baban Ummi, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan yi kewaye kafin in iso kanta, a yi min haƙuri.

A layinmu akwai wani kango da mai shi ya kai linta ya tsaya, yau shekara uku ke nan. Ya ajiye Buzu mai gadi, dattijo daga wajen Abalak, da 'yar butar shayinsa da takobinsa da rawanin nan da ba ka ganin komai sai ido. Bara da kaka ya je gida ya dawo da kare. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin irinsa ido da ido ba: dogo, ƙafafu kamar na barewa, ciki a ɗame, haƙarƙari kana ƙirgawa daga bakin ƙofarmu. Da farko na ɗauka yunwa ce, har na sa uwargida ta riƙa tara ƙanzo da ƙashin miya yara suna kai masa. Dattijon ya yi dariya, ya ce haka halittarsu take, ranar da ya yi ƙiba ya lalace.

Abin da ya jawo maganar shi ne karen nan ba ya jin Hausa. Ka ce zo, ka ce tafi, ka daka masa tsawa, sai dai ya bi ka da ido kamar da bango kake. Amma mai shi ya yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa daga cikin rawani, sai ka ga ya miƙe, ko ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafa. Ummi, 'yata ta uku, tana aji huɗu a firamare, ta tsaya ta kalli wannan ranar Asabar da muka dawo daga cefane. Muna shiga soro ta ce, "Baba, to kare na farko a duniya wane yare yake ji?"

Na ce mata Hausa mana, don dai in samu ta ƙyale ni. Ita ta ƙyale ni, tambayar ce ta ƙi. Ni tela ne, shagona yana Kabuga, kwana uku ke nan ina kan keke ina juya abin a raina, jiya har na ɗinke aljihun wani bawan Allah ta ciki. Mu muna cewa kare. Larabawa suna cewa kalb. Yaron shagona Babarbare ne, ya ce su kəri suke cewa. Duka da "k" suka fara. Wannan ba alama ba ce cewa tushen kalmar ɗaya ne, kuma waɗanda suka fara sabawa da kare mutanen yankinmu ne? Sannan daga wace dabba aka same shi? Kakata takan ce ƙanin kura ne suka ɓata, wani kwastomana kuma ya rantse dila ne aka kamo aka rena. Masana a taimaka, yarinyar nan ba ta da mantuwa, za ta dawo min.

Likitar Dabbobi

Wa alaikumus salam Baban Ummi. A shafa min kan Ummi.

Bari in fara da kura, Allah Ya ji ƙan kaka. Kura ba dangin kare ba ce. A lissafin masana dabbobi ta fi kusa da kyanwa da tunku. Dila kam dangi ne, amma ba shi ya haifi kare ba. Kare ya fito ne daga dabbar da Larabawa ke kira zi'ib, wadda aka ambata a Suratu Yusuf, mu kuma muke fassarawa da kerkeci. A nan ma akwai ɗan ruɗani. Kerkecin da maharbanmu na da suka sani a dazukan ƙasar nan, mai dabbare-dabbare da fankama-fankaman kunnuwa, wata dabba ce daban, ko barbara ba sa yi da kare. Wanda nake nufi shi ne ƙaton nan mai ruwan toka na ƙasashen sanyi. Shi da kare har gobe suna barbara su haihu, 'ya'yan ma su haihu. Binciken ƙwayoyin halitta kuma ya nuna ba daga kerketan da ke yawo yau aka samo kare ba, daga wani reshe ne nasu da ya riga ya ƙare.

Kare shi ne dabbar farko da ta shigo hannun ɗan Adam, kafin akuya, kafin tunkiya da saniya, kafin ma a san noma. Awaki da tumaki ba su wuce shekara 10,000 zuwa 11,000 a hannunmu ba. Shi kuwa, shaidar da kusan kowa ya sallama mata wani kabari ne da masu fasa dutse suka tono a Oberkassel, kusa da Bonn a Jamus, a 1914. Namiji da mace da ɗan kare, an binne su wuri ɗaya, shekara 14,000 da 'yan kai. Kwalekwalen Dufuna na Yobe da muke tinƙaho da tsufansa, shekararsa wajen 8,000 ce.

Abin da ya fi tsaya min a rai a kabarin nan ya shafi aikina. A 2018 wani likitan dabbobi, Luc Janssens, ya sake duba haƙoran ɗan karen, sai ya ga tabon cutar distemfa. Duk wanda ya taɓa jinyar kwikwiyo mai wannan cuta ya san me nake faɗa: zazzaɓi, majina ta toshe hanci, kwantsa ta manne ido, amai da zawo, ba ci ba sha, wani har da farfaɗiya. In ba ana goge shi ana ɗura masa ruwa ana ɗumama shi ba, ba ya kai labari. Wannan ya kamu yana ɗan wata huɗu da rabi, ya yi ta fama har kusan wata bakwai sannan ya mutu. Wato wani ya zauna makonni yana jinyar abin da ba farauta yake masa ba, ba gadi ba. Akwai kuma kabarin Ain Mallaha, arewa da tafkin Ɗabariyya a Gabas ta Tsakiya, mai shekara wajen 12,000, inda aka sami mutum mai yawan shekaru a kwance hannunsa a kan kwikwiyo.

Batun wuri, a nan masana suka raba gari. Peter Savolainen na Suwidin ya daɗe yana cewa kudancin Sin. A 2013 wasu suka ce Turai. A 2021 Angela Perri da abokan aikinta suka ce Saberiya ta Rasha, wajen shekara 23,000 baya, lokacin da ƙanƙara ta fi tsanani. A 2022 aka auna ƙwayoyin gadon tsofaffin kerketai 72 da suka rayu cikin shekara 100,000 da ta wuce, aka ga karnuka sun fi kusa da na gabas, ɓangaren Asiya, a kan na Turai. Sai dai karnukan Gabas ta Tsakiya da na Afirka suna da ƙarin jini, wasu har rabi, daga wani reshe mai dangantaka da kerketan kudu maso yammacin Asiya. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ba a Afirka aka fara ba. Baƙo ne, ta Masar ya shigo, kusan shekara 7,000 ke nan, ya bi makiyaya cikin Sahara tun tana da ciyawa da tafkuna. A duwatsun Tassili na Aljeriya akwai zanensa da wutsiya a naɗe yana bin namun daji.

Ɗan Gwale

Hajiya likita sannu da ƙoƙari, mun ƙaru. Ni bokona bai yi nisa ba, amma tun ina ɗan shekara sha biyu nake bin yayyena farauta da rani.

Maganar a kamo a rena, ni ban yarda da ita ba. Wani yayana ya taɓa tono 'ya'yan dila biyu a rami, ko ido ba su gama buɗewa ba, muka rene su da madara da koko. Ɗaya ya mutu. Ɗayan ya girma a tsakar gidanmu cikin karnuka, amma ko sau ɗaya bai taɓa yarda ya haɗa ido da mutum ba, ka miƙa hannu sai ya noƙe. Ranar da ya ji ƙarfinsa ya kashe wa Inna kaji uku ya haura katanga, har yau. Ni a ganina kare shi ya kawo kansa. Ku je bayan kwata da daddare, ko kowace bola a garin nan, ku tsaya ku gani. Wanda ya fi ƙarancin tsoro shi ke matsowa ya samu ƙashi mai nama, matsoraci ya kwana da yunwa.

Batun yare kuma, Baban Ummi, kare ba yare yake ji ba. Murya yake ji, da fito, da hannu. Duna da nake da shi yanzu daga ruga na karɓo shi, kwana goma ya zama nawa.

Likitar Dabbobi

Malam Ɗan Gwale, abin da ka faɗa shi ne ra'ayin wani masani Ba'amurke, Raymond Coppinger, sak, sai dai shi ya sa a littafi. Masu sukarsa suna cewa mafarautan wancan zamani ba sa zama wuri ɗaya har bola ta taru. A 2021 wasu masana daga Finlan suka zo da wata: a tsakiyar hunturun ƙanƙara dabbobi ba su da kitse, cikin mutum kuma ba ya ɗaukar zallar jan nama ba mai ba hatsi, illa take yi masa, shi kuwa kerkeci sai ya yi watanni a kanta. To wannan rarar ce ake jefa masa ba tare da an rage wa kowa rabo ba.

Dilanku kuwa, haihuwa ɗaya ba ta isa ba. A 1959 Dmitri Belyaev ya fara wani gwaji a Nobosibirsk ta Rasha da yanyawar can, yana barin masu sanyin hali kaɗai su hayayyafa. Ba a yi haihuwa goma ba aka fara samun masu kaɗa wa mutum wutsiya suna lasar hannu. Daga baya wasu kunne ya faɗo, wutsiya ta naɗe, fari ya fito a goshi.

Amma a kan yare zan ɗan ja da kai. A 2022 masana a Budafes ta Hangari sun sa karnuka 18 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wasu sun tashi da Sifaniyanci wasu da yaren Hangari, aka kunna musu karatu da harsunan biyu. Ƙwaƙwalwarsu ta bambanta wanda suka saba ji da baƙon, musamman tsofaffin cikinsu. Ƙanzon uwargidan Baban Ummi ma yana da labari: yawancin karnuka suna da ƙwayar halittar narkar da hatsi ninki-ninki, kerkeci biyu kacal gare shi. Bayan an fara noma suka samu wannan, shi ya sa karen layi ke rayuwa a kan tuwo.

Malamin Hausa

Baban Ummi, gaisuwa mai yawa. Ɓangaren yaren zan taɓa, shi na karanta a Bayero.

In taƙaice maka, yaren mutanen nan ya bi su kabari. Rubutu mafi tsufa, na Iraƙi da na Masar, shekararsa wajen 5,200 ce. Karen Oberkassel ya girme shi da shekara 9,000. Abin da ya rage mana shi ne mu jera harsuna 'yan'uwa mu gano kakansu, ita ma wannan dabarar tana da iyaka. Kalma tana cinyewa kamar dutsen niƙa. In aka haura shekara 8,000 zuwa 10,000, kamar da aka gada da kamar da aka yi dace da ita sai su cakuɗe, ba mai iya tsince su.

Ga inda dabarar ta yi aiki. Girkanci kuon, Latin kanis, Sanskirit na Indiya shwan, Jamusanci Hund, duka kalma ɗaya ce a wani yare da aka yi wajen shekara 6,000 baya. Ba don sun yi kama aka yarda ba, ina shwan ina Hund? An yarda ne don sauyin sautin yana maimaita kansa a kalmomi bila adadin. Ɗauki "ɗari": Latin kentum, Jamusanci hundert, Sanskirit shatam. Inda wannan ya sa k, wancan h yake sawa, ɗayan sh, kullum.

Ga kuma inda kama take yaudara. Wani masani, Dixon, ya je Ostireliya yana rubuta yaren Mbabaram a bakin tsofaffin da suka rage, ya tambayi yadda ake cewa kare, aka ce masa dog. Ya ɗauka ba a gane tambayar ba. Ashe kalmarsu ce ta gado, daga gudaga ta zaizaye, ba ruwanta da Ingilishi. Ba sai mun je nesa ba ma: tambayi Buzunka sunan kare da yarensu, zai ce maka idi. Idi namu kuwa ko ɗan salla ne ko Idirisu.

To kare da kalb da kəri. Hausa da Larabci 'yan'uwa ne na jini, wannan gaskiya ne. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 tun yana ɗalibi, shi ya tabbatar da Hausa da 'yan'uwanta na reshen Cadi, su fiye da 150, a gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da Buzanci da Somaliyanci da yaren tsofaffin Misirawa. Shaidar ba littafi da alƙalami ba ce, waɗannan aro ne na bayan Musulunci. Shaidar ita ce irin su mutu da maut, suna da ism, "ta" ta mace a ta zo da taktubu, "ma" ta mabuɗi da miftahu. Ita kare tsohuwa ce a reshenmu: Babur suna cewa kila, Mafa na Kamaru kəda. Paul Newman, wanda ya fara shugabantar Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a nan Kano, ya sa ta cikin kalmomin da ya bi sawunsu har zuwa kakan harsunan Cadi a 1977. Haɗa ta da kalb kuwa, an gwada, amma "k" ɗaya ba ta kai hujja ba, sai an faɗa mana inda "b" ta shiga. Barbarci shi ba dangin Hausa ba ne sam. Zaman maƙwabtaka ne na aru-aru, maƙwabta kuwa suna aron kalma kamar yadda suke aron turmi. Ka ɗan matsa gaba, "k" ɗin taka ta farkon kalma ta ɓace: Fulani rawaandu, Yarabawa aja, Ibo nkita, Zabarmawa hansi, Suwahili mbwa. Tsofaffin Misirawa, da muke gida ɗaya da su, iwiw suke cewa, haushin kawai suka kwaikwaya.

Ba kai ka fara wannan tunanin ba, kada ka ji kunya. A 1994 Merritt Ruhlen da John Bengtson sun fitar da kalmomi 27 da suka ce daga uwar harsunan duniya suke, cikinsu har da kuan, wai kare. Yawancin masana harshe ba su karɓa ba, ni ma ina bayansu. Mai tsince a cikin harsuna dubbai, abin da ya fita nema shi zai samo. Kuma ko da gobe aka tabbatar kare da kalb ɗaya ne, iyakar abin da zai nuna kakannin Hausa da Larabci sun san kare. Tsakaninsu da mafarautan ƙanƙarar da Hajiya likita ta kwatanta akwai tafiya.

A nan gida, Tarihin Kano ya ambaci baƙin kare cikin abin da ake kai wa Tsumburbura a gindin Dala zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda. A wannan lissafin, shekaranjiya ke nan.

Ga tsaraba ka kai wa dattijon. Wani sarkin Masar, Intef na Biyu, da ya yi mulki fiye da shekara 4,000 baya, ya sa an sassaƙa hotonsa a dutse tare da karnukansa, kowanne da sunansa. Dutsen yana gidan tarihi na Alƙahira. Sunan ɗaya Abaker, ba kuma kalmar Misirawa ba ce. Tun zamanin Maspero, Bafaranshe masanin tarihin Masar, masana suke danganta ta da abaikor, wani sunan kare a yaren Buzaye. Gwada faɗa masa ka ji.

Abu Sumayya

Jama'a, a rasa abin tattaunawa sai najasa? Allah Ya kyauta.

Mai Allo

Malam, a yi a hankali. A mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kai, duk mai rai tsarkakakke ne har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi bin umarni ne. Hadisi ya yi rangwame a kan na farauta da na kiwo da na gona. Suratul Ma'ida aya ta 4 ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kalmar da ta zo ma mukallibina ce, daga kalb. A Suratul Kahfi aya ta 18 ga shi nan ya shimfiɗa ƙafafunsa na gaba a bakin kogo. Yarinya ta yi tambayar ilimi, a bar ubanta ya samo mata amsa.

Baban Ummi, Rijiyar Zaki

Kai jama'a, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. Hajiya likita, labarin kwikwiyon Jamus na karanta wa uwargida, ta yi shiru can ta ce Allah sarki. Ummi kuma na gaya mata yaren ya mutu tare da masu shi tun kafin a san rubutu. Ta kalle ni ta ce, "Amma Baba ka ce Hausa ne." Na ce ta je ta yi aikin gida.

Malam, na isar da tsarabarka. Jiya bayan isha na je kangon, na tarar ya hura gawayi, karen yana kwance a kan yashin ginin. Na ce, Buzu, yaya kuke ce wa kare? Ya ce idi. Na kwashe da dariya har na ƙware, don mai kanti a bakin layinmu sunansa ke nan, na roƙe shi kada ya faɗa a gabansa. Ya ba ni kofin farko mai ɗaci. Sai na nuna karen na ce, to wannan abaikor ne?

Wallahi sai ya ajiye butar. Ya gyara rawani ya ce wa ya koya min wannan? Ya ce abaikor su ne na bola, masu bin kowa don ƙashi. Nasa oska ne. Uwarsa barewa take kamowa da gudu, da madarar raƙumi aka yaye shi tare da yaran gida, kuma ba sayensa ya yi ba, ba a sayar da irinsa, ƙanin matarsa ne ya ba shi. Na ba shi haƙuri, na ce ba raini ba ne, wani sarkin Masar ne ya sa wa karensa wannan sunan shekara dubu huɗu da suka wuce, har aka rubuta a dutse.

Ya ɗaga butar sama yana tsiyaya shayin yana mayarwa, sai da kumfa ta tashi. Can ya ce, "Sarki guda? To wanda ya kai masa karen ya cuce shi."